Kifin kori a akwatin gilas: zai iya da zafin bazararmu?

Sabi'u Bunkure:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu kiwon kifin ado. Na sa mai gilas ya haɗa mini akwati, tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 40, ya ce zai ci lita 72 in an cika shi fal. A wani shago a cikin birni na ga wasu ƙananan kifaye masu gashin baki, ba su wuce ɗan yatsa ba, suna ta kiwo a ƙasan ruwa. Yaron shagon ya ce sunansu kori, wai in na sa biyu sun ishe ni, su za su riƙa cinye kashin sauran kifayen, ba sai na ba su abinci ba. Akwai farare masu jan ido, akwai masu ruwan tagulla, akwai wasu masu baƙi zagaye da ido da ya ce sun fi tsada. Wanne zan ɗauka? Ɗakina rufin kwano ne, wuta kuma ba ta zama.

Alhaji Ɗanlami Kura:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan kifin da ka gani da gashin baki jinin tarwaɗa ne, tarwaɗa kuwa ba ta da raki. Mu da muke kiwonta a tankin kankare muna ganin yadda take kwana a ruwan da ya yi kore shar, gari ya waye tana nan garau. Ka ɗauki wanda aljihunka zai iya. In ka kawo su gida ka watsa musu gishiri saboda wahalar hanya, haka muke yi wa 'ya'yan tarwaɗa duk sanda aka kawo mana su.

Malama Rabi Ringim:
Alhaji, ranka ya daɗe, a kan tarwaɗa babu mai ja da kai a nan. Amma dangantakar kori da tarwaɗarmu ta nesa ce. Asalinsa Kudancin Amurka, ƙananan rafuka da gaɓar koguna a Brazil, Peru, Kolombiya, Bolibiya har Ajantina. Masana sun daɗe suna kiran jinsin Corydoras, an san nau'i sama da 160. A 2024 an sake rarraba su, sunayen wasu suka canja, amma 'yan kasuwa suna nan da tsofaffin sunaye.

Sabi'u, maganar da ta fi damuna ita ce ta cin kashi. Wallahi wannan maganar ta kashe kori da yawa. Kori ba ya cin kashin kifi. Abin da ka ga yana yi a ƙasa, yana cusa baki cikin yashi ne yana neman tsutsotsi da ƙananan ƙwari da ɓarɓashin abincin da ya nutse. In ka haɗa shi da kifayen da ke ci a sama, su cinye komai kafin ya kai ƙasa, shi da yunwa zai kwana. Ba zai mutu a rana ɗaya ba. Cikinsa ne zai riƙa lotsawa a hankali, bayan wata biyu ko uku a tsince shi a mace, mai shi ya ce kifin ba shi da ƙwari. Alhali kifi ne da ke yin shekara biyar zuwa sama, wasu har goma, in ya samu kulawa.

Maman Ihsan Birnin Kudu:
Malama ta faɗi gaskiya. Ni ma ina da su a gida, masu ruwan tagullar. Ƙanena Sabi'u, batun biyun nan ma ka ajiye shi. A rafukansu garke suke tafiya, ɗaruruwa. In ka ajiye biyu za su laɓe bayan dutse, ba za su fito ba sai dare, ka ce kifin ba shi da fara'a. Ka ajiye shida ka ga bambanci: su jeru suna kiwo tare, su tashi tare, su dawo su kwanta gefen juna. Kuma shidan su zama nau'i ɗaya, kada ka ɗebo biyu nan biyu can don launi ya burge ka. Fararen nan da ka gani zabiya ne, yawancinsu zabiyar mai ruwan tagullar ne, don haka waɗannan biyun suna zama tare ba matsala.

Sabi'u Bunkure:
Anti, shida a wannan akwatin nawa ba su yi yawa ba? Kuma na so in sa wasu masu launi a sama.

Maman Ihsan Birnin Kudu:
Za su shiga, amma a takure. Da ka yi shawara kafin a yanka gilashin, da an rage tsayin an ƙara tsawo, don kori da faɗin ƙasa yake amfani, ba ruwansa da zurfi. Kuma lita 72 ɗin nan a lissafi ne. In ka zuba yashi, ka bar sarari a sama, abin da zai rage bai fi lita 60 ba. Mai ruwan tagulla yana kai santimita 6 zuwa 7, matan sun fi girma da faɗi. Shida ɗin da 'yan ƙananan kifaye kamar gofi biyar ko shida a sama, daga nan ka tsaya.

Nura Auyo:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ni aikin sola nake yi, ba masanin kifi ba ne, amma ina da akwati kuma ina auna ruwansa. Duk abin da kuka faɗa daidai ne, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Malam Sabi'u ya ce ɗakinsa na kwano ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano da Jigawa yana haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Na sa ma'aunin zafi a akwatina a irin wannan ɗakin, da la'asar ruwan yana kai 33, wani lokaci 34, kuma dare ya raba bai sauka yadda ya kamata ba saboda bango ya sha rana. Masu rubuta bayanin kifin nan a intanet yawancinsu Turawa ne, damuwarsu yadda za su ɗumama ruwa. Mu namu yadda za mu sanyaya shi ne. Malama, akwai korin da zai ɗauki 33?

Malama Rabi Ringim:
Nura, Allah ya yi maka albarka, tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan. Amsa a taƙaice: babu wanda zan ce a ajiye a 33 na tsawon makonni. Amma suna da fifiko a tsakaninsu, kuma nan ne zaɓin yake.

Mai baƙi a idon da aka ce ya fi tsada, shi ne panda. Daga Peru yake, daga rafukan da ke gangarowa daga gindin tsaunukan Andes, ruwa mai sanyi mai gudu. Tsakanin 20 da 25 yake so. Duk kyansa, Sabi'u, ka ɗauke ido daga kansa. Akwai kuma mai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa yaji, paleatus, yana da araha kuma ana yawan kawo shi. Shi daga can kudu yake, wajen Ajantina da Uruguay da kudancin Brazil, inda ake sanyi sosai. Charles Darwin ne ya ɗebo samfurinsa a tafiyarsa ta shekarun 1830, aka ba shi suna a 1842, kuma tun 1878 aka samu ya hayayyafa a akwati a birnin Faris. Kifin da ya ji daɗin ɗakin Faransa a zamanin da babu hita, kun ga ba na Bunkure ba ne. In ruwa ya wuce 25 ya fara takura.

Biyu ne suka rage mana. Mai ruwan tagulla, aeneus, da zabiyarsa. An fara bayyana shi a 1858 daga tsibirin Trinidad, kuma ya bazu a faɗin nahiyar a ruwa iri-iri, shi ya sa ya fi sauran haƙuri. Daga 22 zuwa 28 yana lafiya. Sai sterbai, mai fararen ɗigo a kai da ƙayar gefe mai ruwan lemo, daga kogin Guaporé da ke kan iyakar Brazil da Bolibiya. Yana cikin waɗanda suka fi jure zafi, yana zama a 28 hankali kwance, yana iya ɗaukar 30 na ɗan lokaci. Tsada gare shi kuma ba kullum ake samunsa ba. Ni a ganina wanda ba zai iya riƙe ruwansa ƙasa da 30 a bazara ba, kada ya sayi kori kwata-kwata.

Alhaji Ɗanlami Kura:
Malama, ban ƙi ta taki ba, amma bari in tambaya. Na taɓa ganin kifin nan a gidan wani abokina, yana harbowa sama ya haɗiyi iska ya koma. Ai tarwaɗa ma haka take yi, shi ya sa zafi da gurɓataccen ruwa ba sa kashe ta da wuri. In shi ma yana shan iskar sama, me zafi zai yi masa?

Malama Rabi Ringim:
Alhaji ya lura da kyau. Gaskiya ne yana haɗiyar iska. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke wannan aikin, gaiwa kuma huhu ne da ita. Shi kori ta hanji yake yi: ya haɗiyi iskar, ƙarshen hanjinsa mai jijiyoyin jini ya tsotse oksijin, ragowar ta fita ta baya. Shi ya sa dole a bar sarari tsakanin ruwa da murfi, kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Amma taimako ne kawai, ba da shi yake rayuwa ba. In yana hawa jefi-jefi, lafiya lau. In kun ga suna ta hawa da sauka ba hutu, ruwan ne ya gaza.

Zafi kuma ta fuska biyu yake cin su. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe kusan miligiram 8.3 na oksijin a kowace lita, a 30 ya sauka wajen 7.6, a 35 bai kai 7 cikakke ba. A daidai lokacin jikin kifin ya ƙara gudu, yana buƙatar iska fiye da da. Sannan amoniyar da ke fitowa daga kashinsu tana ƙara guba in ruwa ya yi zafi. Tarwaɗa an halicce ta da jure kududdufin da ke ƙafewa a rani. Wannan ɗan kifin ba haka aka yi shi ba.

Nura Auyo:
To ga abin da ke aiki a wurina. Ƙaramar fanka irin ta kwamfuta, ko ta caji, a saita ta tana hura saman ruwa, a cire murfin gilas a sa raga don kada kifi ya yi tsalle. Ruwan yana tururi yana tafiya da zafi. Da yake iskarmu a bushe take a Maris da Afrilu, fankar na sauke digiri 2 zuwa 3, wani lokaci fiye. In damina ta matso iska ta yi laima, aikinta yana raguwa, amma a lokacin zafin ma ya fara sauka. Ƙanƙara kuma kada a jefa ta tsirara. A sa gorar ruwa da ta daskare ta yi yawo a sama, ana duba ma'auni, don saukar zafi farat ɗaya ma yana galabaitar da su.

Batun iska, ka manta da manyan filtoci masu cin wuta. Ka nemi filtar soso da ɗan injin iska mai USB, bai fi wat ɗaya ko biyu yake ci ba, fawa bank mai kyau zai riƙe shi dare guda. In kana da ƙaramin faranti na sola da batir, an gama magana. Abin da ba a so shi ne injin ya tsaya awanni da yawa, don ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tace ruwa a cikin soson su ma da iska suke rayuwa.

Maman Ihsan Birnin Kudu:
Nawa a tsohon ɗakin ƙasa na surukata suke, mai rufin azara. Ko a tsakiyar bazara ruwan bai cika wuce 29 ba da fanka. In akwai irin wannan ɗakin a gidanku, Sabi'u, ka roƙi a ba ka kusurwa ɗaya, ya fi duk wata na'ura. A kan teburi gajere, nesa da taga. Abu ɗaya game da fanka: ruwa yana ƙafewa da sauri, ma'adanan ciki kuma suna nan suna taruwa. Ciko kaɗai ba ya isa, dole a riƙa ɗebe wani a zubar a sa sabo. Sannan kada a manta da hunturu. A Disamba da Janairu da asuba ruwan ƙaramin akwati yana iya sauka ƙasa da 20. Mai ruwan tagulla zai daure in an lulluɓe akwatin da bargo, sterbai kam sai da hita.

Malam Tasi'u Gwaram:
Ina bin maganar nan tun daga farko. Ban zo in hana kowa ba, kiwon dabba don sha'awa halas ne in za a ba ta haƙƙinta. Amma in tunatar da kaina da ku hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kifin da aka ɗauko daga wata nahiya aka sa a gilas, ba shi da inda zai gudu in ruwa ya yi zafi. Malam Sabi'u, ka auna kanka da gaske: ranar da za ka tafi gona tun asuba a watan Mayu, wa zai kunna fankar?

Sabi'u Bunkure:
Malam, na gode, tambayar ta shige ni. Akwai ɗakin ƙasa na kakarmu, da kaya kawai ake ajiyewa. Ƙanwata kuma tana gida, ita ce ma ta fi ni son kifin. Ina da faranti ɗaya na sola da muke cajin waya. In waɗannan sun isa zan ci gaba, in ba su isa ba zan haƙura da korin.

Baba Haruna Tiga:
Salamu alaikum. Ɗana ne ya nuna mini hoton kifin nan a waya. Ni masunci ne a dam ɗin Tiga, ban san kifin gilas ba, amma da na ga ƙayar bayansa da ta gefensa sai na ce wannan ai halin kurungu ne. Kurungu in ya ji an taɓa shi sai ya miƙar da ƙayoyin nan uku ya kulle su, ba sa lanƙwasuwa, in ya soke ka kuma zafin ya daɗe yana cinka. Ya sarƙe a koma sai ka yi da gaske. In haka wannan yake, a hana yara kama shi da hannu. Yashi kuma in kuna so mai laushi, ba na bakin hanya da tifa ke ɗiba ba. Ku je inda ruwa ya lanƙwasa ya kwanta, nan yake tara mai laushin.

Maman Ihsan Birnin Kudu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, haka yake sak. Ƙayar tana kullewa kuma tana da ɗan dafi, in ta soki yatsa sai ya yi zugi. Shi ya sa ba na kama su da raga, sai in kora su cikin kofin roba.

Yashin nan kuma shi ne rabin kiwon kori. Tsakuwa mai kaifi, irin fasasshen dutsen gini ko gilas mai launi da ake sayarwa don ado, tana goge musu gashin baki, kuma abinci yana faɗawa tsakaninta ya ruɓe inda bakinsu ba ya kaiwa. Ƙazantar ƙasa da kaifin dutse in suka haɗu, gashin sai ya cinye har ya ƙare, da shi kuma suke gane abinci. Ni yashin rafi na ɗebo, na tankaɗe da rariya, na wanke har ruwan ya fito fes, na tafasa a tukunya. Kauri santimita 2 zuwa 3 ya isa, in ya yi yawa ƙasansa yana yin baƙi yana wari. In ka ga suna cusa kai har ido suna fitar da yashi ta gefen kai, to sun samu abin da suke so. Amma ku mutanen Bunkure da Kura, ku kula da inda za ku ɗebo. Duk magudanar da ruwan gonakin shinkafa da tumatir ke bi, akwai maganin feshi a ciki.

Alhaji Ɗanlami Kura:
Wannan gaskiya ne, mu ma feshin nan yana yi mana ɓarna. Amma ku bar ni in koma kan gishiri, don har yanzu ba a gamsar da ni ba. Tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, fata ce zalla, kuma gishiri yana yi mata magani. Shi wannan na ga jikinsa da tauri. Yaya za a yi wanda ya fi tauri ya fi jin gishiri?

Malama Rabi Ringim:
Alhaji, taurin da ka gani faranta ne na ƙashi, layi biyu a kowane gefe, kariya ce daga masu cinsa. Gishiri ba ta nan yake shiga ba, ta inda kifi ke numfashi yake shiga. Ruwan da kakannin kori suka rayu a ciki kusan babu gishiri ko kaɗan, jikinsu bai saba fitar da shi ba. Ba na cewa ƙwaya ɗaya za ta kashe shi, akwai masu sa ɗan kaɗan na 'yan kwanaki don wata cuta. Amma awon da kuke yi wa tarwaɗa ya yi masa yawa, kuma kifin da ba shi da ciwo ba ya buƙata. Haka magungunan da ke da jan ƙarfe a ciki, a nisance su. In ana son abin da zai kwantar musu da hankali, busasshen ganyen itacen da Turawa ke kira Indian almond ɗaya ko biyu ya isa. Zai rina ruwan ya ɗan yi ja, suna son haka.

Alhaji Ɗanlami Kura:
To, na ji, ko da yake ni dai a tankina ba zan daina ba. Ga wadda na sani: abinci. Kada yaron nan ya je ya sayi ɗan ƙaramin gwangwani da tsada. Abincin 'ya'yan tarwaɗa, mai ƙananan ƙwaya, yana da gina jiki sosai. Matsalarsa yana shawagi. Sai a jiƙa shi a cokali na ɗan lokaci, a matse da yatsa, zai nutse. Sabi'u, in ka shigo Kura ka zo in ɗiba maka, kofi ɗaya zai kai ka watanni. Ka rufe shi da kyau a inuwa, in ya yi fumfuna ka zubar.

Maman Ihsan Birnin Kudu:
Da shi nake amfani ni ma, Alhaji. Sai dai yana da maiƙo, in ya yi yawa ruwa ya ɓaci. Abin da za su cinye cikin minti biyar, bayan magariba in an rage haske, lokacin ne suka fi kiwo. Sau ɗaya ko biyu a mako in haƙo tana a gindin randa inda ba a feshi, in wanke, in yayyanka. Ba abin da suke so kamar ita. Da tanar nan da sabon ruwa mai ɗan sanyi a farkon damina nawa suka yi ƙwai: macen ta riƙe ƙwan tsakanin fikafikanta na ciki, ta je ta manna a jikin gilas. Kwana uku zuwa biyar suke ƙyanƙyashewa, in an raba su da iyayen.

Sabi'u Bunkure:
Alhaji na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ruwa. Muna da rijiya a gida, akwai burtsatse a bakin masallaci. Wanne ya fi? Kuma in na zuba ruwa yau, gobe zan iya kawo kifin?

Malama Rabi Ringim:
A'a, kada ka yi gaggawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitarayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, mai sauƙi-sauƙi, wanda canjin ruwa ke fitarwa. Sabon akwati ba shi da ƙwayoyin nan, sai sun yi mako huɗu zuwa shida suna taruwa a soso da yashi. Ka zuba yashi da ruwa, ka kunna iska, ka riƙa jefa ɗan ɓarɓashin abinci ba kifi a ciki. In wani mai lafiyayyen akwati ya matse maka tsohon sosonsa a ciki, lokacin zai ragu. Kori a ƙasa yake kwana inda dattin ke taruwa, shi ya sa ba a fara sabon akwati da shi.

Tsakanin rijiya da burtsatse, in rijiyar tana kusa da masai ko turken dabbobi, ɗauki burtsatse. Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, wani da tsatsa, don haka ya kwana a buɗaɗɗen bokitin roba a ɗakin da akwatin yake, zafinsu ya zo ɗaya. Masu ruwan famfo su kula da kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta. In damina ta zauna, ruwan sama da aka tara a fili, ba na farko-farko ba kuma ba wanda ya biyo tsatsar kwano ba, ana iya gauraya shi da na burtsatse. Duk mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, kana bin saman yashi. Soson kuma a cikin ruwan da ka ɗebe za ka matse shi, ba sabulu, ba omo.

Nura Auyo:
Wani abu da ba a taɓo ba: maganin sauro. Na fesawa, da na kunnawa, da fiya-fiyar da ake yayyafawa a lungu. Injin iska yana zuƙo iskar ɗakin ya tura cikin ruwa, kori kuma yana hawa ya haɗiye ta kai tsaye. Na san gidan da aka yi feshi da dare, da safe ba kifi ɗaya mai rai. A gaya wa kowa a gida, ɗakin kifi ba a yi masa feshi.

Maman Ihsan Birnin Kudu:
Ranar saye kuma ka tsaya ka duba da kanka, kada ka bari a kamo maka kawai. Gashin baki ya zama cikakke, ciki a cike ba a lotse ba, ba jan tabo a ciki ko gefe, ƙayar baya a tsaye. In akwai mushe a akwatin shagon, ka bar su. Kori in ya firgita a leda yana fitar da wani dafi da ke iya kashe shi da 'yan uwansa, za ka ga ruwan ya yi kumfa ko ya yi hazo. Ka ce a raba su leda biyu ko uku, ruwa kaɗan iska da yawa. Ka sa ledojin a kula, ka shiga motar safe, kada a jefa su a but. In ka iso, ledar ta yi kamar minti ashirin a saman ruwa, sannan ka juye kifin ba tare da ruwan shagon ba.

Sabi'u Bunkure:
Ƙannena sun ce za su kamo 'yan tarwaɗa da karfasa a kududdufi su ƙara a ciki. In bar su?

Baba Haruna Tiga:
Kada ka bari. Tarwaɗa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, kuma girma take da sauri. Za ta haɗiye shi, ƙayar ta tokare mata maƙogwaro, ka rasa duka biyun. Na sha ciro tarwaɗa da kurungu maƙale a wuya. Karfasa kuma faɗa gare ta, tana tona ƙasa. Ka nema wa yaran baho daban. Kuma don Allah duk wanda ya gaji da kifin gilas ya ba wani, kada ya kawo mana shi rafi ko dam.

Nura Auyo:
Malam Sabi'u, tunda yanzu muna cikin zafin, wannan ne lokacin gwaji. Ka kai akwatin ɗakin kakar, ka zuba yashi da ruwa, ka kunna iska da fanka, ka sayi ma'aunin zafi irin wanda ake nutsawa a ruwa. Ka riƙa dubawa da la'asar da kuma bayan isha, ka turo mana lambobin. In yana tsayawa a 28 ko 29, ka jira ruwan sama ya sauka ka sayi masu ruwan tagulla shida, lokacin soson ma ya nuna. Ka turo mini hoton bayan farantin solar taka da na batirin, in lissafa maka ko za su riƙe fanka da injin iska tare da cajin wayoyin.